Yadda na sauke giram 790 daga bindigar farautata ba tare da na taɓa ƙarfen da ke riƙe wuta ba

Ranar da na ƙudurta rage wa bindigata nauyi, ina tsakiyar wani filin ciyawa ne kusa da Redfield a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka, a ƙarshen watan Oktoba. Tun ƙarfe goma na safe, lokacin da doka ta yarda a fara harbi, muke keta ciyawa mai kai wa ƙugu. Wajen la'asar wani zakaran fizan, tsuntsun daji mai girman kaza da doguwar wutsiya, ya tashi daga gindin ƙafata da kukan nan nasu, fukafukai na kaɗawa kamar ana kakkaɓe tabarma. Bindigar kuwa na saɓe a kafaɗa kamar fartanya, don hannuwa sun gaji da riƙon ta a gaba. Kafin in sauke ta in kai ta kumatu, tsuntsun ya yi nisan da in na harba sai dai in ji masa rauni ya je ya mutu a banza. Ban harba ba. Da daddare na ɗora bindigar a sikeli, ta nuna giram 3,740.

Farautar tudu aikin ƙafa ne. Mai harbin agwagwa yana zaune a maɓoya, bindiga na jingine, nauyinta ma alheri ne gare shi domin yana shanye hauri, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa idan an harba. Mai bin fizan a filayen Dakota, ko giraus, wani tsuntsu mai kama da fakara, a kurmin arewacin Minesota inda nake zaune, yana iya taka kilomita 12 zuwa 15 a yini ya yi harbi biyar kacal. Duk wanda ya taɓa bin fakara ko zabon daji a gida da kaka ya san yanayin: tafiya mai yawa, tsuntsu ya tashi ba zato, kana da daƙiƙa biyu. Bindigar da ba ta hannunka biyu a shirye a wannan daƙiƙar, ɗaukar ta kawai ka yi.

Tawa Remington 870 Wingmaster ce mai geji 12 (geji ma'aunin faɗin cikin bututu ne), irin wadda ake jan katakon gaba a tura, ƙirar shekarun 1970, na saye ta ta hannu. Tun 1950 ake ƙera wannan samfur, kuma kayan gyaransa sun cika kasuwa, shi ya sa ta dace da wannan aiki. Abin da zan faɗa ya fi shafar irinta, amma hanyar tunanin ɗaya ce a kowace bindigar tsuntsu.

Kafin komai, buɗe bindigar, duba ɗakin harsashi da ido, sa yatsa ka taɓa, duba bututun ajiyar harsashi na ƙasa shi ma, sannan ka fitar da duk harsashi daga ɗakin da za ka yi aiki. Ina yin haka ko da ni na ajiye ta jiya da hannuna.

Sai awo. Sikelin kicin mai nuna giram ya isa. Auna bindigar gaba ɗaya, sannan ka warware ta ka auna bututu shi kaɗai, ƙota ita kaɗai, robar kafaɗa, katakon gaba, ka rubuta kowanne a takarda. Akwai awo na biyu da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne mutane ke tsallakewa: inda bindigar ke daidaita. Rataye ta da igiya a kwance, ko ka ɗora ta a kan yatsa, ka riƙa matsawa har ta tsaya ba ta rinjaya gaba ko baya ba, ka manna ɗan salatif a wurin. A bindiga mai baki biyu ana son wurin ya faɗa kusa da ƙusar da take karyewa a kai. A irin tawa, ni ina son shi kusa da gaban gidan inji, wato akwatin ƙarfen da ke haɗa ƙota da bututu, tsakanin hannuwana biyu. Duk abin da ka cire daga baya, sake rataye ta ka ga ina salatif ɗin ya kamata ya koma. Bindiga mai giram 3,200 da nauyinta ke tsakanin hannuwa ta fi daɗin ɗauka da saurin hawa kafaɗa a kan mai giram 2,900 da kanta ke rinjaya ƙasa.

Ka kuma san inda za ka tsaya tun kafin ka fara. W. W. Greener, maƙerin bindiga na Birmingham a ƙarni na 19, ya bar wani ma'auni da har yau ake aiki da shi: nauyin bindiga ya zama ninki 96 na nauyin ƙwayoyin dalmar da take harbawa. Harsashi mai giram 28 yana son bindiga mai kusan giram 2,700. Mai giram 32 yana son kusan 3,070, mai giram 36 kuma kusan 3,450. Dalilin a fili yake. Ƙarfin da ke tura ƙwayoyi gaba shi ne ke tura bindiga baya, kuma idan ka rage mata kashi 10 cikin ɗari na nauyi, haurinta zai ƙaru da kusan kashi 11. Mutumin da bindiga ta saba dukan kafaɗarsa yakan fara runtse ido yana fizgar kunama kafin ƙara ta tashi, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari. Don haka ka fara zaɓen harsashin da za ka yi farauta da shi, shi zai gaya maka nauyin da bai kamata ka sauka ƙasa da shi ba. Ni na tsayar da giram 28 zuwa 30, na sa burina kusa da kilo uku.

Na fara da baya. Robar kafaɗa kusoshi biyu masu zare ke riƙe da ita, a ɓoye cikin ƴan tsagu a jikin robar. Shafa wa sukudireba ɗan sabulu don kada ta yage robar. Da na cire, sai na tarar da abin da ban yi tsammani ba: wani silindan ƙarfe cushe a ramin ƙotar, idan ka girgiza shi kana jin abu na kai da komo a ciki. Zaiba ce a rufe. Masu harbin faifan yumɓu a filin gasa suna sa irin wannan don rage hauri, da alama mai bindigar na farko ɗan gasa ne. Nauyinsa giram 310. Shekara uku ina yawo da shi a daji ban sani ba. Saboda haka duk tsohuwar bindigar da ka saya, leƙa cikin ƙotarta. Wasu har dalma suke narkawa su zuba. Leƙa bututun ajiyar harsashi ma, domin 870 na farko-farko ana sayar da su da wani toshi na ƙarfe mai nauyi da aka yi musamman don ƙara wa bindiga nauyi. Idan ka sami na zaiba kada ka fasa shi, kada kuma ka jefa a shara, guba ce. Ni wani ɗan gasa na ba.

Da cire wannan bindigar ta koma 3,430, amma sai ta fi muni a hannu. Nauyin duk ya koma baki, tana jan hannun hagu ƙasa. A nan ne na gane cewa giram ɗin da ke can ƙarshen bututu shi ne mai gajiyar da mutum, domin yana nesa da jiki, kamar ɗaukar guga da miƙaƙƙen hannu.

Bututun da ta zo da shi inci 30 ne, mai doron ƙarfen nan mai tagogi a sama, bakinsa kuma a matse sosai, abin da ake kira cikakken cok. Cok shi ne ɗan ƙuncin da ake yi wa ƴan incin ƙarshe na bututu don ƙwayoyi su tafi a dunƙule. Nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya ɗauko zarto. Kada ka yi. Idan ka yanke baki, cok ɗin ya tafi da abin da ka yanke, doron ƙarfen zai rasa madogararsa, ɗan ƙwallon saiti ma ya tafi. Ga kuma doka. A Amurka, a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, bindigar tsuntsu da bututunta bai kai inci 18 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, ta shiga wani rukuni na daban mai buƙatar rajista, kuma yin ta ba izini laifi ne da kan kai mutum kurkuku har shekara goma. A Ingila iyakar inci 24 ce. Dokar makamai ta Najeriya ita ma ta hana gajarta irin wannan bututu ƙasa da inci 20. Mai farautar tsuntsu ba shi da abin nema kusa da waɗannan iyakoki, domin gajeren bututu yana sa bindiga ta riƙa tsalle a hannu, ta fara bin tsuntsu da sauri ta kuma tsaya da sauri, sai ka harbi bayansa.

Hanya mai kyau ita ce sayen wani bututun. A 870, murfin bututun ajiya kawai za ka warware, bututu ya zare, ka zura wani. Na sami tsohon bututu mai inci 26, marar doro, mai buɗaɗɗen cok irin wanda ya dace da tsuntsun da ke tashi a yadi 20 zuwa 30. A sikelina ya fi na farkon sauƙi da giram 240, kuma fiye da rabin wannan daga doron ƙarfen ne, ba daga inci huɗun ba. Wasu ba sa iya harbi ba doro, sun saba ganin wannan shimfiɗaɗɗen layi a ƙarƙashin ido. Ni ban yi kewarsa ba, domin idona na kan tsuntsu. Abu biyu za ka tabbatar kafin ka biya kuɗi. Na ɗaya, tsawon ɗakin harsashi da aka rubuta a jikin bututun, inci 2¾ ko inci 3, ya dace da gidan injinka da harsashinka. Na biyu, bututun na samfurinka ne daidai. Misali, 870 Special Field da aka fitar a 1984 da bututu mai inci 21 da miƙaƙƙiyar ƙota, bututun ajiyarta gajere ne, don haka bututunta ba ya hawa 870 ta gama-gari. Idan kuma za ka yi farauta a filayen gwamnati da suka hana dalma, kamar yawancin na Dakota ta Kudu, kai tsohon bututun wa maƙerin bindiga ya gaya maka ko zai ɗauki ƙwayoyin ƙarfe. Ƙarfe ba ya lotsawa kamar dalma, yana iya kumbura matsattsen baki. Bismut, wani ƙarfe mai taushi da ake yin ƙwayoyi da shi, ya fi tsada amma ya fi sauƙi ga tsoffin bindigogi.

Yanzu ta koma 3,190, salatif ya dawo baya kusa da inda nake so. Mutane da yawa a nan ya kamata su tsaya, kuma ba su yi asara ba. Ba a yanka komai ba, ba a huda komai ba, cikin minti biyar za a iya mayar da ita yadda take.

Ni na ci gaba. Tsohuwar robar kafaɗa ta bushe ta yi tauri, nauyinta giram 190. Na musanya ta da ta soso mai ƙananan ƙofofi, mai kauri ɗaya da ita, giram 70. Akwai faifan roba siriri da ya fi wannan sauƙi, amma yana gajarta ƙota da kusan santimita biyu, kuma ba ya shanye komai. A bindigar da ake rage wa nauyi ban ga hikimar cire abin da ke kare kafaɗa ba. Sabuwar robar takan zo da faɗi, sai an goge gefenta ta yi daidai da katako. Naɗe katakon da salatif ninki biyu, ka goge a hankali, da sanfefa ta fara cin salatif na sama ka tsaya.

Huda ƙota shi ne aikin da ya fi ba mutane sha'awa, shi ne kuma mafi ƙarancin riba. Ga lissafin. Katakon walnat nauyinsa kusan giram 0.6 ne a kowane guntu mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri. Rami mai faɗin milimita 22 da zurfin santimita 15 zai fitar da kusan giram 35. Rami biyu, giram 70. Shi ke nan, nauyin harsashi ɗaya da rabi. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Browning da kansa ya yi haka a Auto-5 ɗinsa mai suna Light Twelve, ya rarake ƙota, ya kuma huda ramuka a zoben da ke riƙe bututu. Amma su injiniyoyi ne masu wurin gwaji.

Idan za ka yi, cire ƙotar tukuna. Dogon noti ne ke riƙe da ita daga can cikin rami, sai doguwar sukudireba mai faɗin baki. Haska fitila ka tabbata bakin ya zauna cikin tsagar notin, domin idan ya zame ya shiga tsakanin kan noti da katako ka murɗa, ƙotar za ta tsage ta gefe. Naɗa salatif a jikin sukudirebar har ta kusa cika ramin, hakan zai hana ta karkacewa. Sannan ka ɗaure ƙotar a tsaye ƙarƙashin injin huda na tebur, ka yi amfani da bakin huda mai lebur ɗin ƙasa, wanda ake kira Forstner. Ƙota tana sirancewa yayin da take tafiya gaba, kuma ƙasanta a karkace yake, saboda haka rami na ƙasa dole ya bi layin ƙasan, ba layin sama ba. Zana layin a jikin salatif ta waje kafin ka fara. Bar aƙalla milimita 7 na katako ta kowane gefe, nisanci ramukan kusoshin roba, kada kuma ka kusanci wuyan ƙota inda hannu ke kamawa, nan ne duk haurin ke bi, nan ne kuma ƙota ke karyewa. Huda santimita biyu, ɗaga, share garin katako, taɓa gefen da yatsa. Idan ka ji ɗumi ta waje, bango ya yi siriri.

Na gwada da farko a kan wata tsohuwar ƙota mai arha da na saya don koyo, da injin hannu, kuma a santimita na 12 bakin ya ɓullo ta gefe. Da a kan ta ainihi ne da na yi baƙin ciki mai yawa, domin katakon yana da kyau. Wannan ya sa na nemi injin tebur a wurin maƙwabcina. Bayan hudar, shafa man katako a cikin ramukan don kada raɓa da dusar ƙanƙara su shiga.

Gargaɗi ga masu bindiga mai loda kanta, irin su Remington 1100, Auto-5 da Benelli: akwai bututun sifirin da ke shiga cikin ƙotarsu, wurin hudawa kaɗan ne. Wasunsu kuma da motsin haurin kansa suke aiki, sauya nauyi na iya shafar yadda suke fitar da kwanso. Waɗannan a bar wa maƙeri.

Roba da ramuka sun sauke 190 daga baya, bindiga ta koma 3,000 cif, kai ya sake ɗan rinjaya. Na gyara wannan da katakon gaba. Na 1970 mai faɗi ne, yana rufe har gefen gidan inji. Na nemo irin na shekarun 1950, ɗan siriri mai zobe-zobe, wanda maharba a nan ke kira totuwar masara saboda kamanninsa. Giram 50 ya rage, kuma ya fi zama a tafin hannu idan an sa safar sanyi. Notinsa yana buƙatar sifana ta musamman mai haƙora biyu, kada ka buga shi da kurfi da guduma. Awo na ƙarshe: 2,950.

Abin da ban taɓa ba, kuma ba zan bari kowa ya taɓa mini a gareji ba, shi ne gidan inji, ɗakin harsashi, makulli da kaurin bangon bututu. Za ka ji ana maganar fafe cikin bututu ko goge bayansa don rage nauyi. Matsin da ke tashi a ɗakin harsashin geji 12 yana kai laba 11,500 a kan kowane inci murabba'i, kuma yatsun hannunka na hagu suna kwance a kan wannan bututu, fuskarka na bayan wannan makulli. A Ingila akwai gidajen gwaji biyu, na Landan tun 1637 da na Birmingham tun 1813, kuma bututun da aka faɗaɗa cikinsa fiye da ƙa'ida ya fita daga shaidar gwaji, haramun ne a sayar da shi sai an sake gwada shi. Amurka ba ta da wannan tilas, nauyin yana wuyan mai bindiga. Wanda yake son gidan inji marar nauyi ya sayi wadda aka ƙera da alminiyom tun daga masana'anta, kamar Mossberg 500 ko Franchi 48 AL, wadda mai geji 20 ɗinta ke kusan kilo biyu da rabi. Ithaca 37 ma, mai zubar da kwanso ta ƙasa, ta ƙarfe ce amma tun asali siririya aka yi ta. Idan kuɗin bututu da roba da katako da ladan maƙeri sun kusa kuɗin ɗaya daga cikin waɗannan ta hannu, sayen ya fi. Bindigar gado kuwa, ko tsohuwar Browning ƙirar Beljiyam, ko mai baki biyu ta Ingila, huda ta zubar da darajarta ne.

Akwai nauyin da ake ragewa ba da kayan aiki ba. Harsashin geji 12 ɗaya kusan giram 45 ne. Bindigata na ɗaukar biyar, amma dokar tarayya ta ce a farautar tsuntsaye masu ƙaura kada bindiga ta iya ɗaukar fiye da uku, kuma wudkok, wani ƙaramin tsuntsu mai dogon baki wanda ke zama kurmi ɗaya da giraus a Minesota, yana cikinsu. Don haka toshi na roba yana ciki kullum, ba na cire shi ko a farautar fizan. Harsashi biyu da suka ragu giram 90 ne daga gaba, sun fi duk abin da ramukan ƙota suka ba ni. Kwali guda mai harsashi 25 ya haura kilo ɗaya, alhali a Dakota ta Kudu zakara uku ne iyakarka a yini. Goma nake zubawa a aljihu, sauran na mota.

Kada ka tafi daji kai tsaye bayan gyara. Sabon bututu ba lallai ya harba inda tsohon ke harbawa ba. Kafa babbar takarda a yadi 30, sa alama a tsakiya, ɗaga bindiga kamar tsuntsu ne ya tashi, ka harba ba tare da dogon saiti ba, sau biyar a takarda biyar. Nawa ya nuna ƙwayoyin na sauka ƙasa kaɗan, domin rashin doro ya sauke layin idona. Na manna ƴar fata mai kaurin milimita uku a inda kumatu ke zama, tsakiyar ta hau daidai. Daga nan na yi Asabar uku a filin faifan yumɓu, ina farawa da bindiga a ƙasa kamar yadda nake riƙe ta a daji. Bindiga marar nauyi ba ta da ƙarfin ci gaba da tafiya da kanta, kai ne za ka ci gaba da juya ƙugu bayan ka ja kunama. Kusan harsashi 200 na ƙona kafin jikina ya karɓi wannan.

Na gwada harsashi mai giram 36 sau ɗaya a cikinta don in ji. Biyu na harba na mayar da sauran kwali. Da giram 28 lamba 7½ (lambar girman ƙwayoyi ce) nake bin giraus a kurmin aspen kusa da Grand Rapids daga tsakiyar Satumba, da giram 30 lamba 5 kuma nake bin fizan. Bututun inci 30, tsohon katakon gaba da notinsa suna cikin akwati, na shafe su da mai na naɗe a tsumma, da takardar awon farko a kansu.